Tsarin Firaminista: Yadda jam'iyyu ke kafa gwamnati da yadda take faɗuwa a hannunsu

Tsarin firaminista, wanda wasu ke kira mulkin majalisa, shi ne tsarin da gwamnati ke fitowa daga cikin majalisar dokoki, kuma ba ta iya ci gaba da zama sai da amincewar mafi rinjayen 'yan majalisar. A ƙarƙashinsa jama'a ba sa zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye. Kowace mazaɓa wakilinta take zaɓa, sannan jam'iyyar da ta tara fiye da rabin kujeru, ko jam'iyyun da suka haɗu suka kai wannan adadi, su fitar da firaminista da ministocinsa daga cikin wakilan. Duk ranar da rinjayen ya kuɓuce mata, gwamnati ta faɗi ke nan, ko da watanta shida a kan mulki.

Da wannan tsari Najeriya ta karɓi 'yancin kai a 1960, kuma da shi aka mulki Jihar Arewa daga Kaduna har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Maganarsa ta sake tasowa a watan Fabrairun 2024, lokacin da 'yan Majalisar Wakilai 60 daga jam'iyyu daban-daban suka gabatar da ƙudurorin gyaran kundin tsarin mulki don a koma masa, suna masu cewa tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko ya yi tsada, kuma ya tara iko da yawa a hannun mutum guda. Dattawan Funtua da Malumfashi da suka jefa ƙuri'a a 1959 sun ga tsarin da idonsu. 'Ya'yansu da jikokinsu kuwa, waɗanda muhawarar ta fi shafa, sai dai labari.

Ginshiƙan tsarin

Abu na farko da ya bambanta shi da tsarin da ake bi yanzu shi ne raba muƙamin shugaban ƙasa da na shugaban gwamnati. Shugaban ƙasa, ko sarki kamar a Birtaniya, uban ƙasa ne: shi ke gayyatar wanda zai kafa gwamnati, shi ke sa hannu a kan dokoki, amma a bisa shawarar firaminista yake yin kusan komai. Ikon gudanarwa na hannun firaminista da majalisar ministocinsa. A Jamhuriya ta Farko, Dokta Nnamdi Azikiwe ne ya riƙe kujerar uban ƙasa, da farko a matsayin Gwamna Janar daga Nuwamban 1960, sannan Shugaban Ƙasa daga 1 ga Oktoban 1963, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana Firaminista.

Abu na biyu, ministoci 'yan majalisa ne. A tsarin da ake bi yau, ɗan majalisar da aka naɗa minista dole ya bar kujerarsa. A tsarin firaminista kuwa kujerar ce tsaninsa. Minista yana zaune a zauren majalisa, ana tsare shi da tambayoyi a kan ma'aikatarsa, yana amsawa da bakinsa. A Birtaniya har firaminista kansa yakan tsaya amsa tambayoyi duk ranar Laraba idan majalisa na zama.

Abu na uku, ministoci laifinsu ɗaya, yabonsu ɗaya. Suna iya yin gardama a ɗakin taro, amma da zarar an yanke shawara kowa zai fito ya kāre ta. Wanda ransa bai kwanta da ita ba, hanyar da ta rage masa ita ce ya ajiye aiki.

Abu na huɗu, adawa muƙami ce da doka ta sani. Jagoran jam'iyya mafi girma da ba ta cikin gwamnati shi ne madugun 'yan adawa, yakan kuma naɗa wa kowane minista kishiya daga cikin mutanensa, mai bin diddigin ma'aikatar, wanda ake sa ran zai karɓe ta idan mulki ya juya.

Duk wannan ba ya tafiya sai da horon jam'iyya. Tun da ƙuri'a guda na iya kayar da gwamnati, kowace jam'iyya tana da bulaliyarta, wato ɗan majalisar da aikinsa shi ne ya tabbatar kowa ya halarci zama kuma ya jefa ƙuri'a inda jam'iyya ta ce. Kasafin kuɗi shi ne babban ma'auni: gwamnatin da majalisa ta hana kuɗi ta tabbata ba ta da rinjaye. Ma'aikatan gwamnati kuwa, daga babban sakatare zuwa akawu, ana buƙatar su zama 'yan ba ruwanmu, domin ministan da suke yi wa aiki yau yana iya komawa kujerar adawa kafin ƙarshen wata.

Hanyoyin kafa gwamnati

Hanya mafi sauƙi ita ce jam'iyya ɗaya ta ci fiye da rabin kujeru. A majalisar wakilan Birtaniya mai kujeru 650, wadda ta sami 326 ba ta buƙatar kowa. Washegarin zaɓe ake kiran jagoranta fada a ce ya kafa gwamnati.

Idan babu wadda ta kai rabi, sai a shiga ciniki. Mafita ta farko ita ce gwamnatin haɗin gwiwa: jam'iyyu biyu ko fiye su rubuta yarjejeniya, su raba ma'aikatu, su amince da manufofin da za a bi da waɗanda za a jingine. Haka aka yi a Birtaniya a 2010, inda David Cameron da Nick Clegg suka daidaita cikin kwana biyar. A Beljiyam kuwa, bayan zaɓen 2010, sai da aka yi kwana 541 kafin a kafa sabuwar gwamnati. A Indiya, a zaɓen 2024, jam'iyyar BJP ta Narendra Modi ta sami kujeru 240 cikin 543, alhali ana buƙatar 272, don haka sai da ƙananan jam'iyyun ƙawancenta suka cika mata lissafi.

A irin wannan ciniki ƙaramar jam'iyya takan sami abin da ya fi ƙarfin ƙuri'unta, saboda ita ce raba gardama. Abin da aka fi ja a kai shi ne ma'aikatun kuɗi, tsaro, harkokin waje da ayyuka. Wanda ya shiga kuma ya ɗaure kansa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: duk abin da gwamnati ta yi, mai daɗi da maras daɗi, da sunansa a ciki ranar zaɓe.

Mafita ta biyu ita ce gwamnatin marasa rinjaye. Babbar jam'iyya ta riƙe dukkan ma'aikatu ita kaɗai, wata ƙarama kuma ta yi alkawarin mara mata baya a kan kasafin kuɗi da ƙuri'ar amincewa ba tare da ta karɓi minista ba. Theresa May ta yi haka a 2017 da jam'iyyar DUP ta Arewacin Ailan, wadda ta samo wa yankinta ƙarin kuɗi kimanin fam biliyan 1.

Mafita ta uku ita ce gwamnatin haɗin kan ƙasa, inda manyan abokan hamayya kan zauna a inuwa ɗaya saboda wani babban al'amari. Ɓalewa ya kafa irinta da ya zama Firaminista a 1957, ya shigo da NPC da NCNC da AG domin a tunkari maganar 'yancin kai da murya ɗaya. Afirka ta Kudu ta koma ga wannan hanya a 2024, bayan ANC ta sauko zuwa kujeru 159 cikin 400.

Zaɓen 1959 da cinikin da ya biyo baya

Zaɓen tarayya na 12 ga Disamban 1959 shi ne karo na farko da aka yi zaɓen kai tsaye a duk faɗin ƙasar, ko da yake a Arewa maza ne kaɗai suka jefa ƙuri'a. Kowane ɗan takara da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam'iyyarsa: fartanya ta Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, tauraro na jam'iyyar NEPU ta 'yan Sawaba, zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta AG. Kujerun Majalisar Wakilai 312 ne: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. Ana buƙatar 157 kafin a ce an sami rinjaye.

NPC ta ci 134, NCNC da ƙawarta NEPU suka ci 89, takwas daga ciki na NEPU ne, AG da ƙawayenta 73, sauran 16 kuma suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu. A yawan ƙuri'un da aka jefa NCNC ta fi NPC, amma tsarin kujeru yake ƙirgawa, kuma kujerun NPC ne suka fi yawa.

Lissafin ya bar ƙofofi biyu a buɗe. Da NCNC da AG sun haɗu, da sun tara 162, sun wuce rabi, NPC ta koma adawa duk da ita ce babba. Cif Obafemi Awolowo ya nemi a yi hakan, har ya yarda Azikiwe ya zama Firaminista. Amma tsakanin NCNC da AG akwai tsohuwar gaba tun daga siyasar Jihar Yamma, akwai kuma fargabar cewa gwamnatin da jam'iyyun Kudu biyu suka kafa ba tare da Arewa ba za ta iya raba ƙasar tun kafin ta tsaya da ƙafafunta. Gwamna Janar Sir James Robertson ya gayyaci Ɓalewa ya kafa gwamnati, NCNC ta zaɓi tafiya da NPC, adadinsu ya kai 223.

Rabon ya nuna yadda ake irin wannan ciniki. NPC ta ɗauki kujerar Firaminista da mafi yawan ma'aikatu, ciki har da ta tsaro wadda Muhammadu Ribaɗu ya riƙe bayan samun 'yanci. NCNC ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta hannun Cif Festus Okotie-Eboh, Azikiwe kuma ya zama Shugaban Majalisar Dattawa kafin ya haye kujerar Gwamna Janar. Daga Lardin Katsina, Alhaji Musa 'Yar'aduwa ya shiga majalisar ministoci, inda ya riƙe ma'aikatar harkokin Legas. Awolowo, wanda ya bar kujerar Firimiyan Yamma don ya nemi ta tarayya, ya zama madugun 'yan adawa.

Abubuwa biyu sun fito fili a wannan haɗi. Na farko, jagoran NPC shi ne Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, amma ya zaɓi zama a Kaduna a matsayin Firimiya, ya bar mataimakinsa a jam'iyya ya shugabanci ƙasa. Ya zamana Firaministan Najeriya yana da shugaba a jam'iyyance, abin da ba a saba gani ba a Birtaniya inda aka ɗauko tsarin. Na biyu, NEPU ta tsinci kanta a tsaka mai wuya. Ƙawancenta da NCNC ya zaunar da wakilanta a ɓangaren gwamnati a Legas, har Malam Aminu Kano ya zama mataimakin bulaliyar gwamnati, alhali a gida Arewa ita da NPC ba sa ga maciji. Magoya bayanta a garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, irin su Funtua da Gusau da Kaura Namoda, suna fama da NPC a filin taro da gaban alƙali, shugabanninsu kuma suna jefa ƙuri'a tare da ita a majalisar tarayya.

Gwamnatin Kaduna da Lardin Katsina

Ga manomin kudancin Katsina, gwamnatin da ta fi kusa da tukunyarsa ita ce ta Jihar Arewa. Majalisarta na zama a zauren Lugard da ke Kaduna, kuma kashi biyu ce: Majalisar Wakilai ta zaɓaɓɓu da Majalisar Sarakuna. Sardauna ya zama Firimiya a 1954, Arewa kuma ta sami mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959. Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, ya daɗe yana riƙe da ma'aikatar ilimi. Mamman Nasir, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara sannan ya zama Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi, ya zama Ministan Shari'a na Arewa a 1961. Sarkin Katsina Sir Usman Nagogo yana cikin sarakunan da suka zauna a majalisar zartarwa a matsayin ministocin da ba su riƙe ma'aikata ba.

Auduga ce arzikin yankin a lokacin. Kamfanin BCGA yana da injinan gurza a Funtua da Malumfashi, layin dogo daga Zariya zuwa Kaura Namoda kuma yana kwashe ta. Daga 1954 hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa ce ke yanke farashin auduga da gyaɗa kowace kaka, ita ke ba da lasisin saye, rarar da ta samu kuma da ita gwamnatin jiha ke yin ayyuka da dama. Saboda haka jam'iyyar da ke da rinjaye a Kaduna tana da hannu a kan abin da manomi zai karɓa a ma'auni da kuma ɗan kasuwar da zai zama wakilin saye.

A nan ne aka ga wata fuskar tsarin, wato abin da kan faru idan rinjaye ya yi yawa. A zaɓen jiha na 1961 NPC ta kwashe kujeru 160 cikin 170, NEPU ta tsira da guda ɗaya. Majalisar da jam'iyya ɗaya ta cika haka ba ta iya razana gwamnati, domin ƙuri'ar rashin amincewa ta zama magana kawai. Ban da haka, 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk suna ƙarƙashin En'e, izinin yin taron siyasa ma daga wurinta ake nema, kuma 'yan adawa sun daɗe suna kukan cewa ana amfani da waɗannan a kansu. Tsarin firaminista yana dogara ne da adawar da ke da damar karɓar mulki gobe. Inda babu ita, firimiya kan tara ikon da ko shugaba mai cikakken iko ba ya samu, tun da majalisar da za ta taka masa burki ita ce jam'iyyarsa.

Yadda gwamnati ke faɗuwa

Hanyar da aka fi sani ita ce ƙuri'ar rashin amincewa. Ba a buƙatar tuhuma ko kwamitin bincike, rinjaye kawai ake ƙirgawa. A 1979 gwamnatin James Callaghan ta Birtaniya ta faɗi da ƙuri'a 311 da 310. A 1999 ta Atal Bihari Vajpayee a Indiya ita ma ta faɗi da bambancin ƙuri'a ɗaya, bayan wata jam'iyyar ƙawance ta janye. Idan haka ta faru, ko dai wani ya haɗa sabon rinjaye, ko a rushe majalisa a koma ga masu zaɓe. Jamus ta ɗaure wannan hanya da sharaɗi: majalisa ba ta iya sauke shugaban gwamnati sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda. Ta haka Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt a 1982, bayan ƙaramar jam'iyyar FDP ta sauya abokin tafiya.

Hanya ta biyu ita ce juyin cikin gida, inda jam'iyya mai mulki ke canja jagoranta ba tare da an yi zaɓe ba. A 2022 Birtaniya ta ga firaminista uku daga jam'iyya ɗaya: Boris Johnson, Liz Truss wadda ta yi kwana 49, da Rishi Sunak.

Najeriya ta ɗanɗana wannan hanya a Jihar Yamma a 1962, kuma ba ta ƙare da daɗi ba. Jam'iyyar AG ta dare biyu tsakanin Awolowo da Firimiya Samuel Ladoke Akintola. A watan Mayu 'yan majalisa 66 cikin 124 suka sa hannu a takarda cewa ba sa tare da Firimiya, Gwamnan jihar, Ooni na Ife Sir Adesoji Aderemi, ya sauke shi ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce takarda ba ƙuri'a ba ce, a zauren majalisa kaɗai ake kayar da firimiya. Da majalisa ta zauna a Ibadan ranar 25 ga Mayu don a gwada rinjaye, sai zaman ya rikiɗe zuwa jifa da kujeru. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma, kuma a Janairun 1963 Akintola ya dawo kan kujerarsa da goyon bayan NCNC. Kotun ƙoli ta masarautar Birtaniya, wadda a lokacin ita ce matakin ƙarshe na ɗaukaka ƙara, ta ba Adegbenro gaskiya, amma majalisar Yamma ta gyara kundin jihar ta mayar da gyaran baya, hukuncin ya tashi a banza.

Sauya sheƙa ya taka rawa sosai a waɗannan shekaru. 'Yan majalisa sun yi ta barin adawa suna komawa inda ake rabon muƙamai, kujerun NPC suna ƙaruwa, buƙatarta ga NCNC tana raguwa. Rikicin ƙidayar 1962 da 1963 ya ƙarasa ɓata zaman, domin da yawan jama'a ake raba kujeru, da kujeru kuma ake kafa gwamnati. Kafin zaɓen 30 ga Disamban 1964 abokan gwamnati sun raba gari: NPC da jam'iyyar NNDP ta Akintola suka kafa ƙawancen NNA, NCNC da AG da NEPU da UMBC ta Joseph Tarka suka kafa UPGA. UPGA ta ƙaurace wa zaɓen a wurare da dama, NPC ta ci kujeru 162, rinjaye ita kaɗai. Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi gayyatar Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta zauna babu tabbas, har sai da manyan alƙalai suka shiga tsakani. Ranar 4 ga Janairun 1965 ya gayyace shi bisa sharaɗin a kafa gwamnati mai faɗi. Shekara guda bayan haka, a bayan tarzomar zaɓen Yamma na Oktoban 1965, sojoji suka kifar da jamhuriyar.

Abin da Kaduna da Yamai suka nuna

Kwamitin tsara kundi da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams ya ba da shawarar a koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, don kauce wa shugabanni biyu masu jan igiya ɗaya da kuma gwamnatin da za ta dogara da yanki guda. Amma sabon tsarin bai kawar da buƙatar rinjaye ba. A 1979 jam'iyyar NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta sami sanatoci 36 cikin 95 da wakilai 168 cikin 449, dole ta ƙulla yarjejeniya da NPP, wadda ta wargaje a 1981.

Tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Funtua da Malumfashi ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ta ga mafi tsananin misali. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP mai alamar mabuɗi ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN mai alamar gida da masara a zaɓen gwamna, amma NPN ce ta mamaye majalisar jiha, wadda Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa ke shugabanta. Majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika, jihar ta yi kusan shekara biyu babu majalisar zartarwa, har aka tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi. A tsarin firaminista irin wannan takun saƙa ba ta tasowa, domin jam'iyyar da ke da majalisa ita ce za ta kafa gwamnati tun ranar farko. Sai dai kuma da a wancan tsari ne, da talakawan da suka zaɓi Balarabe Musa da sunansa ba su sami wannan dama ba.

Jamhuriyar Nijar ta gwada gaurayen tsarin biyu irin na Faransa, mai zaɓaɓɓen shugaban ƙasa da firaministan da majalisa ke iya saukewa. Mahamane Ousmane ya ci zaɓen 1993 da ƙawancen jam'iyyu, Mahamadou Issoufou ya zama Firaministansa. A 1994 Issoufou ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta PNDS ta fice, rinjaye ya koma ga 'yan adawa. Shugaban ya rushe majalisa, zaɓen Janairun 1995 ya sake ba 'yan adawa rinjaye, Hama Amadou ya zama Firaminista. Zaman doya da manja da aka yi tsakanin fadar shugaban ƙasa da ofishin Firaminista ya tsayar da al'amura, ya kuma zama hujjar da Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kafa ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairun 1996.

Abin da zai canja idan aka koma

Shiyyar Funtua tana da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓun tarayya biyar: Funtua da Dandume, Malumfashi da Kafur, Bakori da Danja, Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, sai Musawa da Matazu. A tsarin firaminista waɗannan kujeru biyar su ne muryar shiyyar wajen fitar da shugaban gwamnatin ƙasa, a majalisa mai kujeru 360 inda ake buƙatar 181. Haka kuma 'yan majalisar dokokin Katsina 34 ne za su fitar da firimiyan jiha daga cikinsu. Mai zaɓe a Dandume ko Kafur zai jefa ƙuri'a ga wakili, yana sane da cewa da ita yake zaɓen jam'iyyar da za ta yi mulki.

Masu goyon bayan komawa suna cewa za a rage kuɗin zaɓe, tun da ɗan takara mazaɓa guda zai zagaya maimakon jihohi 36, za a rage yawan muƙamai tun da ministoci 'yan majalisa ne, kuma shugaban da ya gaza ana iya sauke shi ba sai an jira shekara huɗu ba. Masu adawa suna cewa kuɗin da ake kashewa wajen neman ƙuri'un jama'a zai koma sayen 'yan majalisa, cewa jihohin da suka fi yawan kujeru za su riƙa yanke hukunci, kuma gwamnatin da ke iya faɗuwa kowane wata ba ta ba ɗan kasuwa natsuwar ƙulla cinikin shekara ko ma'aikaci tabbacin manufar da zai aiwatar.

Dukkan ɓangarorin biyu sun dogara ne da halin jam'iyyu. Sashe na 68 na kundin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu ko ta narke cikin wata, amma wannan togaciya ta zama ƙofar da ake bi ana ficewa. A tsarin da ake ciki sauya sheƙa ba ya sauke shugaban ƙasa. A tsarin firaminista kuwa 'yan majalisa goma da suka tsallaka cikin dare suna iya canja gwamnati kafin asuba, dalilin da ya sa Indiya ta kafa dokar hana sauya sheƙa a 1985. Gyaran kundin da zai dawo da tsarin yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, ciki har da yiwuwar ta Katsina ta zama ɗaya daga cikin masu yanke hukuncin.